Ali Farka Touré: manomin Niafunké da ya nuna wa duniya tushen kiɗan blues

A farkon watan Maris na 2006, gidajen rediyon Mali suka katse shirye-shiryensu suka koma saka waƙoƙin mutum ɗaya. Ali Farka Touré ne ya rasu a Bamako bayan doguwar jinyar cutar daji ta ƙashi, yana da shekara 66. Makonni kaɗan kafin nan aka sanar a Amurka cewa ya ci kyautar Grammy karo na biyu. A ƙasashen waje, makaɗin jita ne da ake sayen tikiti don kallonsa. Mutanen Niafunké kuwa magajin garinsu suka rasa, kuma manomin da ya sa ruwan kogi ya hau gonaki.

An haifi Ali Ibrahim Touré a 1939 a ƙauyen Kanau da ke bakin kogin Isa, wato kogin Neja, a yankin Timbuktu. Shi ne ɗa na goma da mahaifiyarsa ta haifa, kuma shi kaɗai ya rayu ya wuce ƙuruciya. Saboda wannan taurin rai aka yi masa laƙabi da Farka, wanda a harshen Songhai ke nufin jaki. Mahaifinsa ya rasu yana aikin soja a rundunar Faransa tun Ali yana jariri, sai iyalin suka koma Niafunké, garin da sunansa ya haɗu da nasa har abada.

Bai gaji kiɗa ba. Kamar yadda aka sani a ƙasar Hausa, a can ma roƙo da kiɗa sana'a ce ta wasu gidaje, kuma gidansu ba ya cikinsu. Bai yi makarantar boko ba, gona da kogi su ne makarantarsa. Amma kunnensa yana wurin kiɗan bikin holey, wanda Zabarmawan Nijar suka sani sarai, kuma ya yi kama da bori a wajen Hausawa. Yana yaro ya haɗa wa kansa djerkel, ƙaramin molo mai tsirkiya ɗaya, daga baya ya koyi njarka, wadda Bahaushe zai kira kukuma. Duk abin da ya buga a jita daga baya, daga waɗannan kayan ya fito.

A 1956 ya ga Keita Fodéba, shahararren ɗan wasan ƙasar Gini, yana kaɗa jita. Daga ranar ya ƙudura zai koya. Da jitar aro ya fara, yana ɗauko muryoyin da ya saba bugawa a tsirkiya ɗaya yana shimfiɗa su a kan tsirkiya shida. Yana yin haka yana neman abinci da tuƙin mota da na jirgin ruwa. Bayan Mali ta samu 'yanci a 1960, gwamnatin Modibo Keita ta ƙarfafa ƙungiyoyin wasannin gargajiya na yankuna, Ali ya zama jigo a ƙungiyar Niafunké. Ta wannan hanya ya je Sofia a ƙasar Bulgeriya a 1968, kuma a can ya sayi jitarsa ta farko.

A wannan zamanin ne ya fara jin faya-fayan baƙaƙen fatar Amurka a Bamako, irin su James Brown da Otis Redding, sai kuma John Lee Hooker. Kiɗan Hooker ya ba shi mamaki, domin ya ji abin da ya yi kama da na gida: murya ɗaya da ake ta juyawa, jita tana amsa wa mawaƙi, ƙafa tana riƙe da kari. Turawa daga baya suka riƙa kiransa John Lee Hooker na Afirka, sunan da bai yi masa daɗi ba. Matsayinsa har ya rasu shi ne cewa bai aro komai daga Amurka ba. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka tafi da irin, jikokinsu suka raine shi a gonakin auduga na Mississippi. Masana suna ta muhawara kan iyakar gaskiyar wannan magana, don blues ya samu siffarsa ne a kudancin Amurka cikin wahalar da ta biyo bayan bauta. Sai dai wanda ya saurari su biyun a jere zai ji dangantakar da kunnensa.

Cikin shekarun 1970 ya yi aiki a Radio Mali a matsayin mai kula da na'urorin sauti. A nan ya ɗauki waƙoƙinsa ya aika wa wani kamfani a Paris, aka buga su a faifai. Ɗaya daga cikinsu ya faɗa hannun Andy Kershaw na BBC, ya saka shi a shirinsa. Kamfanin World Circuit ya aika a nemo shi a Mali, kuma sai da aka yi cigiya a rediyo kafin a same shi. A 1987 ya hau dandamali a Landan.

Masu kallo sun ga dogon mutum da babbar riga, jita a rataye, mai ƙwarya yana zaune a gefe yana riƙe masa kari. Ba ƙaho, ba tarin makaɗa. Yana waƙa da Songhai da Fulatanci da Tamashek da Bambara, a kan noma da ilimi da haƙuri da zaman tare. A ƙasar da arewacinta ya sha fama da tawaye, haɗa harsunan nan a bakin mutum ɗaya saƙo ne da kowa ya gane.

Faifan Talking Timbuktu da ya yi tare da Ry Cooder ɗan Amurka ya fito a 1994, ya kawo masa Grammy ta farko. A lokacin da ƙofofin duniya suka buɗe masa, sai ya rage tafiye-tafiye ya koma gona. Kuɗin da ya samu ya zuba su a injinan ban-ruwa da noman shinkafa, a yankin da farin shekarun 1970 da 1980 ya gigita. Da kamfaninsa ya buƙaci sabon faifai, dole aka yi jigilar na'urori da janareta zuwa garinsu. Yakan gama aikin gona kafin ya zo ɗaukar sauti. Haka aka yi faifan Niafunké na 1999.

A 2003 ya fito a fim ɗin Martin Scorsese mai suna Feel Like Going Home, inda mawaƙin blues Corey Harris ya bi sawun kiɗan daga Mississippi har Mali. A shekarar ne kuma ya yi wasa a bikin Festival au Désert a Essakane. A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niafunké, ya riƙa gyara hanyoyi da magudanan ruwa da sayen man janaretan gari daga aljihunsa.

Ciwo ya riga ya kama shi lokacin da ya zauna da Toumani Diabaté, gwanin kora, a otal ɗin Mandé na Bamako. Ba tare da dogon gwaji ba suka ɗauki In the Heart of the Moon, wanda ya fito a 2005 ya ci Grammy. Savane ya fito watanni kaɗan bayan rasuwarsa, sannan Ali and Toumani na 2010 ya ƙara masa Grammy ta uku yana kabari.

A Niafunké aka binne shi. Shekara shida bayan haka, a 2012, 'yan bindiga suka mamaye arewacin Mali suka hana kiɗa, bikin Festival au Désert ya tsaya, makaɗa da yawa suka yi hijira zuwa Bamako da Nijar da Burkina Faso. Ɗansa Vieux Farka Touré da almajirinsa Afel Bocoum suna cikin waɗanda suka ci gaba da kaɗa waƙoƙinsa a dandamalin duniya, yayin da garin da ya haifar da su yake jiran zaman lafiya. Allah Ya jiƙansa da rahama.