Marigayi Jamal Abdul Nasir Na Masar Da Ciwon Da Ya Ci Zuciyarsa

An haifi Jamal Abdul Nasir a birnin Askandariya ran 15 ga watan Janairu, 1918. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne. Ya shiga makarantar horon hafsoshi cikin 1937, ya kuma yi yaƙin Falasɗinu na 1948. Ran 23 ga Yuli, 1952, shi da waɗansu matasan hafsoshi suka hamɓarar da Sarki Faruƙu. Cikin 1956 ya zama shugaban ƙasa, kana ya ƙwace mashigin ruwa na Suwez daga hannun kamfanin Turawa. Ingila da Faransa da Isra'ila suka far wa Masar da yaƙi, amma daga bisani tilas suka janye. Daga nan sunansa ya game duniya.

To, amma akwai wani abokin gaba da ke cikin jikinsa. Tun yana ɗan shekara 40 da 'yan kai likitoci suka gano yana da ciwon sukari. Ga shi kuwa mai yawan shan taba sigari, ga hawan jini, ga aiki ba dare ba rana.

Shi ciwon sukari ɓarnarsa a ɓoye yake yinta. Idan sukari ya daɗe da yawa cikin jini, yakan lalata cikin jijiyoyin jini. Manyan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya sai kitse ya riƙa taruwa a cikinsu, hanya ta ƙuntata. Ƙananan kuwa, watau waɗanda suka ratsa cikin tsokar zuciya, waɗansu ma sun fi gashi siranta, sai bangonsu ya yi kauri, su kasa buɗewa sa'ad da zuciya ke bukatar ƙarin jini. Sannu a hankali tsokar ta ƙage, ba ta sakewa ta cika da jini sosai, daga baya ƙarfin harba jinin ya ragu. Alamunsa su ne haki, da kasala, da kumburin ƙafafu. Sai a 1972, bayan rasuwar Nasir da shekara biyu, likitoci a birnin New York suka bayyana cewa zuciyar mai sukari tana iya gazawa ko da manyan jijiyoyinta ba su toshe ba.

Bayan kayen da Masar ta sha a yaƙin 1967, jikin Nasir ya ƙara taɓarɓarewa. Cikin 1968 ya tafi Tarayyar Sobiyat jiyyar ciwon ƙafafu. A watan Satumba, 1969, ciwon zuciya ya kayar da shi, ya yi mako shida a kwance, aka shaida wa jama'a wai mura ce. Da ya tashi, sai ya koma bakin aiki.

A watan Satumba, 1970, faɗa ya ɓarke a Jodan tsakanin sojan Sarki Husaini da mayaƙan Falasɗinawa. Nasir ya tara shugabannin Larabawa a Alƙahira, ya yi ta kai da kawo har Sarki Husaini da Yasir Arafat suka sa hannu a kan sulhu ran 27 ga wata. Kashegari ya raka Sarkin Kuwait filin jirgin sama. Yana komawa gida zuciya ta sake bugawa, ya cika da maraice yana da shekara 52. An ƙiyasta mutum miliyan 5 ne suka fito jana'izarsa ran 1 ga Oktoba.

Jama'a masu karatu, shugaban da ke da likitoci a gefensa ma ciwon nan bai bar shi ba, balle mai neman abinci a baƙon wuri. Duk mai ciwon sukari ya riƙa zuwa awon jini da na zuciya, ya rabu da taba, kada ya jira sai ƙirji ya yi zafi, domin ciwon yakan dakushe jijiyoyin jin zafi. Allah ya jiƙan Nasir, amin.