Alhaji Gurunshi: Sojan Da Ya Fara Harbi A Rundunar Ingila A Yaƙin Duniya Na Ɗaya

 A wannan mako za mu waiwayi tarihin wani jarumin soja daga arewacin Gana mai suna Alhaji Gurunshi, wanda littattafan tarihi suka tabbatar shi ne sojan farko a duk rundunar Ingila da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, musamman a gare mu da muke kai da komo tsakanin Aflao da Lome, domin a ƙasar Togo abin ya faru.

Sunan Gurunshi na ƙabila ne. A wancan zamani idan mutum ya shiga soja, Turawa kan rubuta sunansa su haɗa da ƙabilarsa ko garinsu, shi ya sa ake samun su Moshi, Dagarti, Farafara da Kano a rajistar bariki. Rundunar da ya shiga, ta Gwalkwas, ta samo asali ne daga dakarun Hausawa da Kyaftin Glover ya kawo daga Legas don yaƙar Asante a 1873. An kafa ta a matsayin 'yan sanda masu bindiga a 1879, ta zama cikakkiyar rundunar soja a 1901, kuma Hausa ce harshen bariki ko da soja ba Bahaushe ba ne.

Ranar 4 ga Agusta 1914 Ingila ta shelanta yaƙi da Jamus. A lokacin Togo tana hannun Jamusawa, kuma sun gina babbar tashar wayar iska a Kamina kusa da Atakpame, wadda ke isar da saƙo daga Jamus zuwa jiragen ruwansu. Wannan tasha ce ta sa sojojin Gwalkwas suka tsallaka iyaka suka shiga Lome, sannan suka nausa arewa. A kan hanya ne 'yan sandan Jamus suka buɗe wa 'yan sintiri wuta, Alhaji Gurunshi ya mayar da martani, tun kafin sojojin Ingila da ke Turai su yi harbin farko a Beljiyam ranar 22 ga watan. Jamusawa suka rusa tashar da hannunsu, suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta.

Bai tsaya nan ba. Ya yi yaƙin Kamaru, daga nan aka kwashe rundunarsu a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka a 1916, inda suka yi ta farautar Janar Lettow-Vorbeck cikin daji, ga yunwa ga zazzaɓi. A watan Maris 1918, yana las kofur, aka ambaci sunansa cikin rahoton yabo, a Maris 1919 kuma, yana saja, aka ba shi lambar bajinta. Daga bisani ya kai muƙamin samanja.

Wannan yaƙi ya shafi kasuwancinmu kai tsaye. Bayan an ci Jamus aka raba Togo tsakanin Ingila da Faransa, kuma garuruwa irin su Ho, Kpando, Kete Karachi da Yendi suka faɗa hannun Ingila, suka shiga Gana a 1957 bayan ƙuri'ar 1956. Lome da Sansanne Mango suka zauna ɓangaren Faransa, shi ya sa yau muke canza sidi zuwa sefa.

Bugu da ƙari, tsofaffin sojoji da yawa ba su koma gida ba, sun zauna a zangonnin Akra da Kumasi, kuma jikokinsu na nan a Sabon Zango, Nima da Mamobi. Haƙƙinsu bai zo da sauƙi ba, domin ranar 28 ga Fabrairu 1948 an harbe tsofaffin sojoji uku a Akra suna tattakin neman abin da aka yi musu alkawari.

Don haka muna kira ga duk mai lambar kakansa ko takardar sallamarsa daga soja a ƙasan adaka, ya adana ta, ya karanta wa yara sunan da ke jiki. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.