Alhaji Abubakar Imam: Ɗan Kagara da Ya Zama Uban Marubutan Hausa

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah wanda da wuya a sami gidan Bahaushe mai karatun boko a nan Lafiya da ba a taɓa jin sunansa ba, wato marigayi Alhaji Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Wasunmu a firamare suka gamu da shi, wasu kuma a talabijin. To amma wane ne shi, kuma yaya aka yi alƙalaminsa ya yi wannan kaifi?

An haifi Abubakar Imam a 1911 a garin Kagara, wanda yanzu ke cikin Jihar Neja. A lura da wannan da kyau, domin Kagara ba tsakiyar ƙasar Hausa ba ce, yankin Kamukawa ne. Kakanninsa kuma daga ƙasar Barno suka taso, kamar dai yadda waɗanda suka kafa Lafiyar Barebari suka taso daga can. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka yaron ya buɗe ido ne a cikin allo da littattafan Larabci. Tun bai san boko ba ya riga ya san daɗin karatu.

Daga Kagara aka kai shi Katsina wajen wansa, Malam Bello Kagara, inda ya shiga makarantar boko. A 1927 ya sami shiga Kwalejin Katsina, wadda ta yaye manyan Arewa irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardauna. Ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Ga Larabci daga gida, ga Turanci daga makaranta, ga kuma Hausar Katsina da kunnensa ke sha kullum. Waɗannan ukun su ne jarinsa.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabantar Ofishin Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. A lokacin yara na koyon karatun boko, amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. Imam yana ɗan shekara 22 ya aika da Ruwan Bagaja. Littattafai biyar aka zaɓa aka buga: nasa, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Ka ga gida ɗaya ya ci biyu cikin biyar.

Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja ba zai manta da Alhaji Imam na Kwantagora ba, wanda ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, da abokin gwagwarmayarsa Malam Zurƙe, kowa na neman ya ga bayan ɗan'uwansa da dabara. Wannan salo na shaƙiyyai biyu masu haɗuwa gari-gari yana da dangantaka da Muƙamatul Hariri, littafin Larabcin da malaman zaure ke karantarwa. Wato karatun gidansu ne ya biyo shi har cikin boko.

East ya ga yaron nan yana da baiwa, sai ya nemi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya je Zariya ya zauna wata shida. Aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, irin su Alfu Laila wa Laila, wanda muke kira Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwa Grimm. Sai ya karanta labari, ya juya shi a kansa, ya tuɓe masa rigar ƙasarsu ya sa masa ta Hausa. Sunaye su koma namu, gari ya koma mai ganuwa da fada da kasuwa, a sa karin magana inda ya dace, har mai karatu ya rantse a bakin kakarsa ya fara jin labarin. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda aka fara bugawa a 1937.

Dabarar littafin ita ce aku. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, mugun waziri yana ƙulla masa makirci, aku kuwa ya riƙe yaron da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. A ƙarshe akun nan ya zama waziri, a littafi na uku kuma yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Darasin a fili yake: wanda ya iya bakinsa ya fi mai takobi.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, Imam ne editanta na Hausa na farko. Fiye da shekara goma ya yi a wannan kujera. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, mutane na ɗokin labari, mai ilimi ɗaya kan karanta jama'a su kewaye shi suna saurare. Da yawa daga irin Hausar jarida da muke amfani da ita yau a teburinsa aka fara gyara ta.

A 1943, yaƙi na ci, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. Da Azikiwe ya rubuta takardar neman mulkin kai, Imam bai sa hannu ba, domin a ganinsa Arewa ba ta shirya ba tukuna, ga ƙarancin makarantu da ma'aikata. Wasu sun zarge shi a kan haka. Amma a tafiyar nan ya gana da Lugga, tsohon Gwamna, ya zayyana masa matsalolin da ke damun Arewa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilimi.

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma a 1951 aka zaɓe shi ɗan majalisa. Amma siyasa ba ta riƙe shi ba. Ya yi aiki a hukumar buga littattafai ta NORLA, da kuma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, duk da haka bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Ikon Allah tare da East don koyar da ilimin halittu, ya kuma rubuta Tarihin Annabi Kammalalle. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70.

Bayan rasuwarsa labaransa suka sake sabuwar rayuwa. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, da fitattun 'yan wasa irin su marigayi Ƙasimu Yero. Dattawanmu za su tuna yadda akan cika gidan mai akwatin talabijin a unguwa, yara a ƙasa, manya a kan benci. Wanda bai iya karatu ba ma ya san aku da waziri.

To 'yan'uwa, ga abin dubawa. Yaranmu a nan sun tashi cikin harsuna da yawa, wannan kuwa arziki ne. Sai dai da yawansu suna jin Hausa a baki, in ka miƙa musu takarda sai su yi ta in-ina. Imam ma ba a Kano ko Sakkwato aka haife shi ba, karatu da sauraron manya ne suka kai shi inda ya kai. Saboda haka wanda ke da tsohon Magana Jari Ce a ƙasan akwati ya fito da shi, ya karkaɗe ƙurar, bayan sallar isha'i a sa yaro ya karanta labari ɗaya, a gyara masa inda ya yi tuntuɓe.

Allah ya ji ƙan Alhaji Abubakar Imam, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.