Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da Zuriyarsa

Usmanu ɗan Laima, wanda aka fi sani da Giɗaɗo, yana cikin mutanen farko da suka zauna Sakkwato bayan da Muhammadu Bello ya kafa ta a 1809. Aminin Bello ne, kuma mijin ƙanwarsa Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, sai Giɗaɗo ya zama wazirinsa. Ba ƙaramin nauyi ya ɗauka ba, domin a lokacin tawaye ya ɓarke, kuma ta hannunsa wasiƙun Sarkin Musulmi ke isa ga sarakunan gabas, irin su na Kano da Zazzau. Shi ne ya sauki Baturen nan Clapperton a 1824.

A ƙarshen rayuwarsa ya duƙufa ga rubutu. Littafinsa Raudul Jinan ya tattara labarai da karamomin Shehu daga bakin wanda ya zauna da shi, abin da ya sa manazarta ba su iya tsallake shi.

Ɗansa Abdulƙadir, wanda Asma'u ta haifa, shi ya gaje shi a 1842, wazirci kuma ya tabbata a gidan. Daga cikinsa Waziri Buhari ya fito, wanda ya fuskanci zuwan Turawa a 1903, da ɗansa Waziri Junaidu. Unguwarsu ita ce Giɗaɗawa.