Marigayiya Hajiya Gambo Sawaba

'Yan uwa mata, duk wadda ta taɓa bin layi ta jefa ƙuri'a a Kano ya kamata ta san wannan baiwar Allah. Sunanta na yanka Hajaratu. An haife ta a 1933, ta tashi a Zariya, ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17.

Da jam'iyya ta turo ta Kano, gida-gida take bi tana wayar wa matan kulle kai. A zamanin nan kuwa ba a taron siyasa sai da izinin En'e, izinin da ɗan NEPU kan sha wuya kafin ya samu. Aka kai ta gaban alƙali, aka ɗaure ta, daga baya ma aka kore ta daga garin ɗungurungum. Ɗauri sau 16 ta sha a rayuwarta.

Ba ita ta hana ta zuwa gaban hukuma ba. A 1956 ta ja mata har ofishin Firimiya Sardauna a Kaduna, suna neman a ba matan Arewa damar zaɓe. Buƙatar ba ta biya ba sai 1976, shekara 20 cur!

Ta rasu a 2001, Allah Ya ji ƙanta. Babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta aka sa masa.