Yakubu: Mutumin da Ya Ji Tsoron Komawa Gida

Yakubu ɗan Ishaku da Rifkatu ne, tagwaye suke da Isuwa, wanda ya riga shi fitowa. Littafin Farawa bai ɓoye laifinsa ba. Ya sayi matsayin ɗan fari a hannun wansa da ƙwaryar fate, daga baya ya rufe hannuwansa da fatun awaki, ya ruɗi mahaifinsa da idanunsa suka dushe, ya karɓe albarkar da aka tanadar wa Isuwa. Da Isuwa ya ƙudura zai kashe shi, sai Rifkatu ta sa ya gudu Haran, wurin kawunsa Laban.

Shekara 20 ya yi a can: 14 saboda matansa Lai'atu da Rahila, 6 kuma saboda garke. Laban ya ruɗe shi kamar yadda shi ma ya ruɗi mahaifinsa. Ya sami 'ya'ya da dukiya, amma tsohon laifinsa na nan yana jiransa.

Sa'ad da Ubangiji ya umarce shi ya koma ƙasarsa, aka kawo masa labari cewa Isuwa na tafe da mutum 400. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Rashi, malamin Yahudawa da ya zauna a Faransa daga 1040 zuwa 1105, ya bayyana cewa damuwar Yakubu biyu ce: kada a kashe shi, kada kuma shi ya zub da jinin wasu. Ya ƙara da cewa Yakubu na fargaba ko zunubinsa ya hana shi cin moriyar alkawarin Allah.

Yakubu bai juya da baya ba. Ya raba jama'arsa kashi biyu, ya yi addu'a yana furta rashin cancantarsa, ya kuma aika wa wansa kyautar dabbobi fiye da 500. A daren nan, a mashigin Yabbok, ya yi kokawa har wayewar gari, ya fito yana ɗingishi, da sabon suna Isra'ila.

Da gari ya waye, ya wuce gaban iyalinsa, ya sunkuya har ƙasa sau bakwai. Hukuncin da ya yi shekara 20 yana gudu bai auku ba. Isuwa ya sheƙo a guje, ya rungume shi, suka yi kuka tare. Daga baya su biyun ne suka binne Ishaku a Hebron.

Yakubu ya tafi Masar yana da shekara 130, ya rasu yana da 147, aka binne shi a kogon Makfela. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka shiga irin tsoron da ya sha, suna zaton Yusufu zai rama muguntar da suka yi masa. Yusufu ya yi kuka, ya kwantar musu da hankali, ya ci gaba da ciyar da su.

A Abbare, kamar ko'ina, akan sami ɗan da kunya ta hana shi komowa, da 'yan'uwan da gādon gona ya raba. Mai laifi zai koyi daga Yakubu ya tashi, ya amsa laifinsa, ya mayar da abin da zai iya. Wanda aka cuta kuwa, aikin Isuwa ne a gabansa: ya fita ya tarye ɗan'uwansa a hanya.