Jacques Cousteau: Hafsan da ya yi fama da sanyin ƙarƙashin teku

Duk masuncin ƙasar Rano da ya taɓa faɗawa ruwan madatsar Tiga da asubahin hunturu ya san sanyin ruwa ba irin na sarari ba ne. Ruwa yana zuƙe ɗumin jikin mutum kusan ninki 25 fiye da yadda iska take yi, shi ya sa ko gwanin ninkaya idan ya daɗe a ciki sai yatsunsa su sage, tunaninsa ya dushe. Wannan matsala ce ta sha kan wani hafsan sojan ruwan Faransa, Jacques-Yves Cousteau, wanda duniya ta fi sani da na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa, alhali ya shafe shekaru yana neman rigar da za ta kare mai nutso daga sanyi.

An haife shi ranar 11 ga Yunin 1910 a garin Saint-André-de-Cubzac, kusa da birnin Bordeaux. Ya shiga makarantar hafsoshin sojan ruwa a 1930, burinsa kuwa ya zama matuƙin jirgin sama. Wani mummunan haɗarin mota da ya karya masa hannuwa biyu ne ya rushe wannan buri. Domin hannuwan su dawo da ƙarfinsu sai ya riƙa ninkaya a gaɓar Toulon, a tekun Bahar Rum. A can ne a 1936 ya fara sa tabaran ruwa, ya ga abin da ke ƙarƙashi, kuma daga ranar bai sake juya wa teku baya ba.

Shi da abokansa biyu, Philippe Tailliez da Frédéric Dumas, da numfashi ɗaya suke nutso, ba riga a jikinsu. Sanyi ne yake koro su tudu tun kafin gajiya. Cousteau ya gwada shafe jikinsa da maiƙo, ya tarar ruwa yana wanke mafi yawansa. Sai ya koma ɗinka rigunan roba da hannunsa. Ɗaya daga cikinsu ta kusa jawo masa salalan tsiya, domin iskar da ke cikinta ta gudu ta taru a ƙafafu, ta kifa shi kai ƙasa, ƙafa sama. Har yau wannan haɗari yana cikin abubuwan farko da ake gargaɗin masu koyon nutso a kansu.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, shi da injiniya Émile Gagnan suka kammala na'urar da aka sani da Aqua-Lung, wadda take ba mutum iska daga tukunyar da ya goya daidai buƙatar huhunsa. Nasarar ta zo da sabuwar wahala: tunda yanzu ana iya daɗewa a ƙasa, sanyi ya sami lokacin yin ɓarna. A 1946 Cousteau ya fito da riga busasshiya wadda ake hura wa iska, kuma aka yi mata ƙofofin fitar da rarar iskar don kada ta kumbura ta kifa mai ita. Binciken bai tafi ba hasara ba. A 1947 abokin aikinsu Maurice Fargues ya rasu a zurfin mita 120 yayin gwada iyakar na'urar numfashin.

Ɗaya hanyar daga Amurka ta fito. A farkon shekarun 1950 wani masanin kimiyya na Jami'ar Kalifoniya, Hugh Bradner, ya nuna cewa ba dole sai jiki ya bushe zai riƙe ɗuminsa ba. Ya yi riga da robar niyofirin mai cike da ƙananan kumfa. Ruwa kaɗan yana shiga, jiki ya ɗumama shi, kumfar kuma ta hana ɗumin fita. Wannan ita ce jiƙaƙƙiyar riga.

A kan waɗannan riguna biyu masu nutso suke zaɓi har gobe. A ruwan da ya haura digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, jiƙaƙƙiyar riga mai kaurin milimita 3 takan wadatar. Idan ya sauko ƙasa da 20 sai a nemi mai milimita 5 zuwa 7, a haɗa da hula da safar hannu. Idan ya kai digiri 10 ko ƙasa da haka, busasshiyar riga ce mafita, wadda take toshe wuya da wuyan hannu, a sa tufafi masu ɗumi a cikinta. Dole ne jiƙaƙƙiyar ta kama jiki, domin sako-sako ruwa zai yi ta kai-komo yana kwashe ɗumi. Haka kuma nauyin ruwa yana matse kumfarta, don haka kariyarta raguwa take yi gwargwadon zurfi. Busasshiyar kuwa ta fi tsada, kuma ba a sa ta sai da horo.

Tafiye-tafiyen Cousteau sun ratsa duk waɗannan matakai. A 1950 ya sami jirgin ruwan Calypso, tsohon jirgin share nakiyoyi na sojan Ingila. A 1963 mutanensa suka zauna wata guda a wani gida da aka kafa a zurfin mita 10 cikin ruwan ɗumi na Bahar Maliya, daura da gaɓar Sudan. A ƙarshen 1972 kuma jirgin ya isa Antatika, inda ruwan teku yake sauka ƙasa da digiri sifiri bai daskare ba saboda gishirinsa. Fim ɗinsa na 1956, Le Monde du silence, ya ci babbar lambar bikin Cannes da kuma ta Oscar, ko da yake daga baya an soki yadda aka tayar da nakiya a cikin teku a fim ɗin. A ƙarshen rayuwarsa ya zama jagoran masu kare teku, kuma yana cikin waɗanda suka matsa har aka sa hannu a yarjejeniyar Madrid ta 1991, wadda ta hana haƙar ma'adinai a Antatika.

Ya rasu a Paris ranar 25 ga Yunin 1997 yana da shekara 87, bayan ya rasa ɗansa Philippe a haɗarin jirgin sama a 1979. Darasinsa ya shafi hukumomin da ke sayen kayan ceto a jihohin da suke da madatsun ruwa irin Tiga da Challawa. Zafin ranar Kano ba shi ne ma'aunin sanyin gindin madatsa ba. Kafin a sayi riga, a fara auna ruwan da za a shiga, da zurfinsa, da tsawon lokacin da mai ceto zai ɗauka a ciki.